Ku Tambayi Anti: Yaranmu, wayoyinsu, da shirun cikin gida

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka shigo wannan karon yawancinsu akan yara ne da waya, sai na tsinci guda huɗu da nake ganin amsarsu zata amfani sauran ma. Kamar kullum na cire sunaye da duk abinda zai sa a gane mutum.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Dan Allah shawara nake nema akan ɗana, shekararsa 3 cif amma har yanzu magana sai kalma ɗaya ɗaya, ruwa, zo, a'a. Tun yana wata 8 nake kunna masa katun a waya don in samu in yi aiki, yanzu wlh in ba a bashi ba sai ya kwanta a ƙasa yana birgima yana ihu kamar ana yanka shi. Waƙoƙin katun ɗin kam duk ya haddace amma in na kira sunansa sai na kira sau uku. Mutane nata cewa ni na lalata shi, abin yana ci na a rai har bana iya barci. Daga wata uwa.

AMSA: 'Yar uwa ki fara sauke wannan kayan laifin da kika ɗora ma kanki, uwar da bata damu ba ai bazata kwana ido biyu akan maganar ɗanta ba. Kin bashi wayar ne don ki samu hannu ki yi aiki, iyaye da yawa haka suke yi, kuma abin yana da gyara.

Amma kafin mu zo kan katun akwai abinda nake so ki yi cikin satin nan, ki kai shi wurin likitan yara a gwada jinsa a kuma duba yanayin girmansa. Yawancin yara in sun kai shekara 2 sun fara haɗa kalma biyu, in sun kai 3 suna yin gajerun jimloli, toh ɗan shekara 3 da yake kalma ɗaya ɗaya kuma sai an kira shi sau uku, wannan abin dubawa ne. Zai iya zama jin ne bai cika ba, don yara da yawa ruwa kan taru musu a bayan dodon kunne bayan mura kuma babu wanda zai sani, zai iya zama jinkirin magana ne kawai, zai iya kuma zama yanayin da likitoci ke kira otizim, mai shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane, wanda gado ke taka rawa sosai a cikinsa. Ko wanne ne, in aka gano da wuri an fi samun hanyar taimakonsa. Kar ki bari a ce miki ai wane ma sai da ya shekara 5 ya yi magana ki zauna jira.

Toh sai katun. Ƙaramin yaro daga amsa-amsa yake koyon magana, ya yi gwaranci ki amsa, ya nuna abu da yatsa ki faɗa masa sunansa, ya kalle ki ki kalle shi. A 2003 wata mai bincike a Jami'ar Washington ta Amurka, Patricia Kuhl, ta yi gwaji da jarirai 'yan wata 9 da Turanci kaɗai ake yi a gidajensu. Wasu aka riƙa zaunar da su da mutum yana musu wasa yana magana da Sinanci har zama 12, wasu kuma aka nuna musu irin wannan maganar a bidiyo. Waɗanda suka zauna da mutum sun iya bambance sautukan Sinanci, na bidiyon kuwa kamar basu taɓa ji ba. Kinga shi yasa ɗanki ya haddace waƙa tsaf amma bai iya ce miki Mama ƙishirwa nake ji ba, waƙar bata taɓa tsayawa ta jira amsarsa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kar a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, ɗan 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa 1 a rana, in bai kai ba ma yafi. Ki tsayar da lokaci ɗaya a rana, ki zauna kusa da shi kina tambayarsa wancan waye, me ya faru, kafin ki kashe ki faɗa masa saura wannan ɗaya shikenan. Zai yi ihu, kwanakin farko ma ihun zai ƙaru, ki tsaya kusa da shi ki lallashe shi amma kar ki miƙa wayar a daidai lokacin da ihun ya kai ƙarshe, don in kin miƙa kin koya masa cewa ihu mai ƙarfi shine mabuɗi. In kina aiki ki jawo shi kusa ki riƙa faɗa masa abinda kike yi ko da bai amsa ba, talabijin ɗin da ke ta magana ita kaɗai babu mai kallo ki kashe ta, tana rage maganar da manya ke yi da yaro ba tare da mun lura ba.

Akwai kuma wayar hannunmu mu iyaye, wannan har ni a ciki. A shekarun 1970 wani mai bincike, Edward Tronick, ya sa iyaye mata suka daskarar da fuska a gaban jariransu na ɗan mintuna, ba murmushi ba amsa. Jaririn sai ya yi dariya don ya jawo ta, ya miƙa hannu, ya yi ƙara, in ya ga babu amsa ya juya kai ya fashe da kuka. Duk ranar da na tuna wannan gwajin sai na tuna fuskar da muke yi in mun duƙufa kan waya yaro yana jan zaninmu.

TAMBAYA: Salam Anti. Ni magidanci ne, ina da 'ya 'yar shekara 15, da can ita ce mai surutun gidan amma kusan wata 4 kenan ta koma kamar ba ita ba, daga makaranta sai ɗaki ta rufe ƙofa tana danna waya har ƙarfe 2 na dare, abinci ma sai an yi da gaske, sakamakon jarabawarta ya yi ƙasa, ana mata magana kaɗan sai kuka ko tsaki. Sati 2 da suka wuce na ƙwace wayar na yi mata faɗa sosai ina tsammanin zata dawo daidai, sai abin ya ƙaru yanzu ko gaisuwa da ƙyar. Mahaifiyarta tace ta ji ta tana cewa da ma ba a haife ta ba. Ni dai a ganina wayar nan ce ta lalata ta, ko akwai abinda ban gani ba?

AMSA: Malam, akwai, kuma zan fara da wanda baya jira. Yarinyar da tace da ma ba a haife ta ba, ba a ɗaukar maganarta a shirmen ƙuruciya. Yau ɗin nan, kai ko mahaifiyarta, duk wanda tafi sakewa da shi, ya zauna da ita cikin natsuwa ya tambaye ta kai tsaye: kina tunanin cutar da kanki ko kashe kanki? Na san bakin uba zai yi nauyin furta wannan, iyaye da yawa suna tsoron kar tambayar ta saka ma yaro tunanin, amma masana sun daɗe da duba wannan, tambayar bata dasa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa don yaro ya ga an gan shi. Ko me ta amsa kar a yi salati a ɗora hannu aka, kar a zage ta, a ɗauke magunguna da guba da abubuwa masu kaifi daga inda hannunta zai kai, a kai ta ganin likita cikin satin nan. In tace eh kuma har ta tsara yadda zata yi, toh asibiti ne nan take, kuma kar a bar ta ita kaɗai.

Abinda ka lissafo, janyewa daga mutane, rashin ci, rashin barci, faɗuwar karatu, kuka da saurin fushi, in suka haɗu suka wuce sati 2 alamun ciwon damuwa ne, ita kuma nata wata 4 ne. A matasa ciwon nan yakan fito da kamannin rashin kunya da tsaki, shi yasa iyaye ke hukunta shi maimakon su nema masa magani. Kuma ba baƙon abu bane, Hukumar Lafiya ta Duniya tace cikin duk matasa 7 'yan shekara 10 zuwa 19 ɗaya yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kusan rabin irin waɗannan matsaloli kuma kafin shekara 14 suke somawa. Yana da magani, ana warkewa, wasu da zaman tattaunawa da ƙwararre kawai, wasu a haɗa da maganin da likita zai rubuta.

Batun waya kuma bazan ce maka bata da laifi ba. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fito da takardun cikin gida da suka nuna binciken kamfanin da kansa ya gano manhajarsa ta Instagram tana ƙara ma wasu 'yan mata ƙin jikinsu. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi na musamman akan soshiyal midiya da lafiyar ƙwaƙwalwar matasa. Yarinya 'yar 15 ta kwana tana kallon fuskokin da aka goge aka gyara tana auna kanta da su, dole abin ya taɓa ta. Amma a ɗaya hannun, a 2019 masu bincike biyu na Jami'ar Oxford, Amy Orben da Andrew Przybylski, sun duba bayanan matasa sama da 350,000 suka ga alaƙar yawan awoyin allo da walwalar matashi ƙarama ce ƙwarai in aka haɗa kowa da kowa. Ni abinda na fahimta a nan shine awoyin kaɗai basa bada labari, sai an san me take gani, wa take magana da shi, kuma me ya kore ta daga falo ya kai ta can. Ruwa baya tsami banza Malam. Wata yarinyar waya ce ta jefa ta damuwa, wata kuma damuwar ce ta riga zuwa wayar ta zama maɓoya, kai ma ka gani da idonka an cire wayar abin bai tafi ba.

Kuma ka sa a ranka zai yiwu wani abu ya faru a ciki. Ƙawaye sun haɗa kai sun ware ta, ko ana yawo da maganarta a gurup ɗin 'yan aji, ko wani ya karɓi hotonta yana mata barazana da shi. Yaran da irin wannan ya same su abu biyu ke hana su faɗa a gida, kunya da tsoron a ƙwace waya. Ranar da ka ƙwace tare da faɗa, abinda ta ji shine in na faɗa ma Baba matsala hukunci zan samu, sai ta ƙara jan ƙofa.

Gyaran daga wurinka zai fara, kuma ba zai rage maka girma ba. Ka same ta ka ce mata, 'yata na yi miki faɗa ranar nan ban tsaya na ji ta bakinki ba, tsoro ne ya kama ni don na ga kin canza, ki yi haƙuri. Ka tsaya a nan, kar ka ɗora amma a kai. Matasa sun fi buɗe baki in ba ido cikin ido ake ba, a mota, ko kuna tafiya, ko kuna wani aiki tare, kuma tambayar me ke damunki yawanci babu komai take haifarwa, gara ka faɗi abinda ka gani, na lura kin daina dariyar nan taki, na yi kewarta. In ta yi shiru ka bar shirun ya zauna, kar ka cike shi da nasiha. In ta fara magana ka riƙe harshenka ko da ka ji abinda ya tayar maka da hankali, kar ka ce wannan ne abin kuka, kar ka kawo labarin wahalar da ka sha kana shekarunta, ranar ba taka bace. Zai yiwu zaman farko baka samu komai ba sai kuka, na biyu ma haka, ka cigaba da dawowa. In ta fi son ta faɗa ma mahaifiyarta ko wata gwaggo ko yaya kar ka ji haushi, abinda ake nema ta faɗa ma wani babba.

Wayar kuma ka mayar mata da sharaɗin da kuka zauna kuka tsara tare. Wanda nafi ba muhimmanci shine na dare, 'yan shekara 13 zuwa 18 suna buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, mai kwana ƙarfe 2 ta tashi makaranta ko rabi da ƙyar take samu, kuma rashin barci shi kaɗai yana dagula zuciya. A ajiye wayoyi caji a falo daga wani lokaci, na kowa, har taka. Sannan ka yi mata alkawari ka kuma cika shi, duk abinda ya faru a wayar nan komai muninsa in ta kawo maka da kanta bazaka ƙwace ba, zaka tsaya mata.

TAMBAYA: Anti ƙanwata 'yar shekara 6 ta ga bidiyon wani hatsari a wayar yayanmu, tun ranar bata yarda ta kwana ita kaɗai, tana firgita cikin dare tana tambaya ko mu ma zamu mutu. Muna ce mata ƙarya ne fim ne amma bata daina ba.

AMSA: Ƙanwata ku daina ce mata ƙarya ne, ta ga fuskokinku lokacin da kuke kallo, labarin zuciya a tambayi fuska. Yaro mai wannan shekarun bai gama raba abinda ke nesa da na kusa ba, in ya ga abu sau uku zai iya ɗauka sau uku ya faru, kuma a ƙofar gida. Ki tambaye ta me ta gani, ki bari ta faɗa da bakinta ko ta zana a takarda, don wani lokacin abinda ta ɗauka ya fi abinda ke cikin bidiyon muni. Sai ki bata gaskiya gajeriya, eh hatsari ne ya faru, a wani wuri ne mai nisa, mutane sun je sun taimaka, ke kina nan tare da mu muna kula da ke. Zata maimaita tambayar sau goma, ki maimaita amsar sau goma da murya ɗaya. A bar mata ɗan haske a ɗaki, wani ya zauna da ita har barci ya ɗauke ta, kar a yi mata dariya ko a kira ta matsoraciya. Yawanci cikin 'yan makonni yake lafawa, in ya wuce wata ɗaya ko ta fara fitsarin kwance bayan ta daina ko ta ƙi makaranta, a ga likita. Yayanku kuma ya saka ma wayarsa lambar sirri, kuma ya daina kallon irin wannan da sauti a inda yara suke.

TAMBAYA: Anti ni namiji ne shekarata 17. A gidanmu ba a hira sai umarni, tashi, je ka, ka yi karatu. Iyayena in suka yi faɗa sai su yi sati 3 basa magana da juna ni ake aika da saƙo tsakaninsu. Ni dai na saka abin kunne na kama gem har asuba don a nan ne kawai nake mantawa. Yanzu ko a aji ƙirjina bugawa yake ba dalili. Bana jin zan iya faɗa musu. Ni ne mai matsala?

AMSA: Ɗana, ba kai ka haddasa wannan ba, kuma ba aikinka bane ka sasanta su. Manya da yawa suna ɗauka in dai basu ɗaga murya ba yara basu san komai ba, amma Mark Cummings na Jami'ar Notre Dame ya shafe shekaru yana nazarin yadda rikicin iyaye ke taɓa yara, ya ga gaba da shariya ma suna tayar musu da hankali, kuma abinda ke kwantar da su shine su ga an shirya. Kai kuma sati 3 kake zaune cikin abinda ba a shirya ba har ana ɗora maka saƙo, jikinka ya saba da zaman jiran me zai faru, shine yake bin ka har aji. Wannan bugun ƙirjin yakan zo da fargaba, amma ka bari likita ya duba ka ya tabbatar, kuma ka faɗa masa duk abinda ka faɗa min.

Gem ɗin bazan ce ka jefar ba, na gane a nan kake numfashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka kamuwa da gem cikin jerin cututtuka a 2019, amma tana nufin wanda ya kasa tsayawa, gem ya ture komai na rayuwarsa, ya cigaba duk da ɓarnar da yake gani, yawanci har tsawon wata 12. Abinda ya dame ni a naka shine asubar nan, don rashin barci yana ƙara ma fargaba wuta, gobe ka tashi a gajiye, gidan ya ƙara yi maka nauyi, dare ya yi ka sake komawa. Ka ja lokacin tsayawa baya da rabin awa duk bayan kwana biyu uku har ka dawo kafin 12, kuma wayar ta kwana nesa da gado.

Abinda ka yi yanzu, rubuta shi da kalmomi, shi kansa yana rage nauyi, wani bincike da Matthew Lieberman ya jagoranta a 2007 ya nuna kiran abinda mutum ke ji da sunansa yana sassauta ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro. Toh ka ƙara taku ɗaya. In aka sake baka saƙo zaka iya cewa cikin ladabi, Mama dan Allah ki faɗa masa da kanki, in na shiga tsakani raina baya min daɗi. Bazan maka alkawarin zasu canza ba, wasu iyayen su ma haka aka tashe su, basu taɓa ganin yadda ake zama a yi hira da ɗa ba, amma na sha ganin uwa ta yi sanyi daga jin jimla ɗaya irin wannan don bata taɓa sanin abin yana isa wurin ɗanta ba. In gida bai buɗe ba ka nemi babba ɗaya a waje wanda ka yarda da hankalinsa kuma ka san baya yawo da magana, kawu, ko malaminka, ko mahaifin abokinka, ko mai bada shawara a makaranta in kuna da shi. In baki ya yi maka nauyi ka nuna masa wannan saƙon da ka turo min yadda yake, ya karanta da kansa. Ka sake rubuto min nan da sati 2 ka faɗa min wa ka zaɓa da kuma ƙarfe nawa kake kwanciya, zan duba saƙonka.